Yoyon Ruwan Hoto Daga Jijiya: Su Wa Ya Fi Samu, Kuma Mene Ne Sababinsa

Shugaban wannan zama, malamaina likitoci, 'yan'uwa ma'aikatan jinya da na ɗakin hoto, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zaure, ina gode muku da kuka ba ni aron kunnuwanku a kan wata mas'ala wadda ba ta cin fiye da shafi ɗaya ko biyu a manyan littattafan likitanci, alhali kuwa wanda ta faɗa wa yana iya yin kwanaki bai kai loma baki da hannunsa ba, wani ma, ko da yake nadiran ne, sai an shiga da shi ɗakin tiyata. Mas'alar ita ce yoyon ruwan hoto, wato a tura wa majiyyaci ruwan nan na musamman a jijiya domin ɗaukar hoton CT ko MRI, maimakon ya bi jini ya tafi inda aka aike shi, sai ya kauce ya malala cikin nama da ƙarƙashin fata.

Kafin a san dalilin da ya sa ruwan yake kaucewa, wajibi ne a san dalilin da ya sa ake tura shi da irin gaggawar da ake yi. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan mai ratsa jiki a birnin Wurzburg na Jamus a shekarar 1895, likitoci suka lura ƙashi yana fitowa sarai, amma jini da hanta da ƙoda da tsoka duk kusan kamanninsu ɗaya a hoto, saboda haka aka nemi wani abu da za a cuɗanya da jini ya tare hasken, aka kuwa same shi a sinadarin aidin. Da Godfrey Hounsfield ya fito da na'urar CT, aka ɗauki majiyyaci na farko da ita a Landan a 1971, sai buƙatar ta ƙaru, domin kullum na'urar sauri take ƙarawa, har ta kai a yau tana ɗauke ƙirji da ciki a 'yan sakan kaɗan. To, idan ana son a kama ruwan yana cikin manyan jijiyoyin huhu ko na ƙwaƙwalwa tun bai watsu ba, la budda ne ya shiga jiki a dunƙule, kuma babu babban yatsan da zai iya tura shi haka, sai inji. Injin nan yakan tura mililita 3 zuwa 5 a kowane sakan, abin da ake ba baligi kuwa galibi yana tsakanin mililita 50 da 150, ke nan wanda aka ba mililita 100 a saurin 4, cikin sakan 25 an gama da shi. An kuma saba a ƙayyade wa injin ƙarfin matsi kimanin 300 a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya, wato kusan ninki goma na abin da ake hura wa tayar ƙaramar mota, ko da yake mafi yawan wannan ƙarfi a cikin sirinji da siririn tiyo yake ƙarewa.

A nan ne nake son ku tsaya ku yi la'akari, domin a ganina a nan tushen mas'alar yake. A dā, lokacin da ake tura ruwa da hannu, ma'aikaci yana riƙe da sirinji, idonsa na kan hannun majiyyaci, da zarar allura ta goce sai yatsansa ya ji turjiya ya dakata, abin da ya zube bai wuce cikin cokali ba. Inji kuwa ba shi da wannan ji, kuma nama mai laushi sau da yawa yana karɓar ruwa ba tare da matsin ya hau har ƙararrawa ta kaɗa ba. Ga shi kuma ma'aikaci dole ya fita ya koma bayan gilashi kafin hasken ya fara. Saboda haka a cikin waɗannan sakan ashirin da 'yan kai, mai gadin jijiyar da ya rage shi ne majiyyacin da kansa, da bakinsa.

Game da yawan aukuwar abin, ƙididdigar da kwalejin likitocin hoto ta Amurka take kawowa ita ce daga mutum ɗaya cikin dubu zuwa kimanin ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka yi wa CT da ruwa. A wani bincike na Jami'ar Mishigan da aka buga a 2007, an bi diddigin allurai 69,657, aka sami yoyo a 475, mafi yawansu ƙwarai suka warke ba tare da wata illa mai ɗorewa ba, mutum ɗaya ne abin ya kai shi ga mummunan matsewar nama, shi kuwa wajen tafin hannu aka yi masa allurar. A MRI abin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin ruwan gadoliniyam da ake ba baligi bai cika wuce mililita 10 zuwa 20 ba, kuma a hankali ake tura shi. Wannan adadi yana iya sa mutum ya raina mas'alar, sai dai ɗakin hoton da ke yi wa mutum goma ko ashirin allura a kowace rana ba zai ga ƙarshen shekara ba sai ya gamu da ita.

Na farko a cikin waɗanda ta fi samu, kuma a kan wannan babu saɓani tsakanin malaman fannin, su ne waɗanda ba su iya faɗin abin da ke damunsu: jariri da ƙaramin yaro, da tsohon da ya ruɗe, da wanda haɗarin mota ya gusar masa da hankali, da wanda aka ba maganin barci, da mai shanyewar ɓarin jiki wanda harshensa ya yi nauyi ko kuma hannun da aka sa masa allurar ya daina ji. Abin baƙin ciki shi ne waɗannan su ne aka fi kawowa da gaggawa, cikin dare, ma'aikaci ɗaya yana fama da aikin mutum uku. Amma ni ina ƙara wani kashi a kan wannan, wanda littattafan Turai ba su cika ambata ba domin ba su san shi kamar yadda muka san shi ba, shi ne mutumin da yake da baki da hankali sarai, amma tarbiyyarsa ta hana shi raki. Dattijon da ya girma a kan cewa namiji ba ya kuka don allura, da baiwar Allah da ke jin nauyin ɗaga murya gaban namijin da ba muharraminta ba, da Bafillacen da ko ƙaho aka kafa masa ba zai yi tsaki ba, da wanda ya sayar da akuya ya biya kuɗin hoton nan yana tsoron kada motsinsa ya ɓata shi, dukkansu za su ji raɗaɗi su cije, musamman da yake an riga an ja musu kunne cewa kada su motsa, kada su yi numfashi. Haƙurin da muke yabo a ko'ina, a kan wannan gado illa yake haifarwa, kuma laifin ba nasu ba ne, namu ne da muka ba su umurnin shiru ba mu ba su izinin magana ba.

Maganin wannan kuwa ba ya cin ko kwabo. Kafin ma'aikaci ya fita, ya sunkuya ya ce, da harshen da mutumin yake ji, ko da sai an kira ɗan'uwansa ya yi tafinta: "Baba, in ruwan ya shiga za ku ji ɗumi ya ratsa muku jiki har ƙasa, kamar za ku yi fitsari, kuma bakinku zai yi ɗanɗanon ƙarfe, wannan ba komai, yanzu zai wuce. Amma in kuka ji zafi ko ɗaurewa a nan, daidai inda allurar take, ku yi magana da ƙarfi, ina jin ku, kuma hoton ba zai ɓaci ba." Fa'idar wannan bayani ita ce ya raba wa mutum ji biyu waɗanda shi ba zai iya rabawa da kansa ba, domin wanda bai taɓa shiga na'urar ba bai san wanne ne al'ada, wanne ne alamar ɓarna ba. Duk da haka kada a dogara da baki kaɗai, gama akwai yoyon da ba ya zafi ko kaɗan a farkonsa. Ya kamata ma'aikaci ya tsaya ya ɗora yatsunsa a saman bakin kanula, wato siririn bututun da ake bari a cikin jijiya, a sakan na farko-farko, muddin tsarin hoton ya ba shi dama, ya ji ruwan yana gudu a jijiya ko yana taruwa. Na ce yatsu ban ce ido ba, domin jan fatar da littattafai ke siffantawa a jikin Bature aka gan shi. A baƙar fata, balle hannun da ya sha lalle, tauri da kumburi da sanyin wurin su ne shaidu.

Bayan mai jijiya sai ita jijiyar kanta. Jijiyar tsoho takan yi rauni, fatar da ke riƙe da ita ta saki, ta riƙa mirginawa ƙarƙashin allura. Haka ta wanda jinya ta ramar. Mai ciwon suga da ya daɗe, da wanda jini ya taɓa daskare masa a hannu, da wanda hanyoyin jininsa suka tsuke, dukkansu suna cikin haɗari ta fuska biyu, domin ruwan ya fi saurin fita, in ya fita kuma ya fi jinkirin tsotsuwa. Masu sankara kuwa sun haɗa asbabu da yawa a jiki ɗaya: magungunan da ake ƙara musu sun ƙone jijiyoyi sun mai da su kamar igiya, gashin da aka yi wa wurin ya taurara nama, sannan macen da aka cire wa mama aka kwashe kaluluwar hammatarta, hannun wannan ɓangaren ya rasa magudanarsa, saboda haka ba a kusantarsa da allura matuƙar akwai ɗayan. Tambaya ɗaya ce, "Hajiya, wane gefe aka yi muku aiki?", amma wanda ya kauda kai don kunya bai yi ta ba yana iya jawo mata kumburin makonni. A ƙasarmu kuma dole a sa masu sikila a wannan sahu, domin wanda tun yana goye ake huda shi don ƙarin ruwa da ƙarin jini, kafin ya balaga jijiyoyin hannunsa sun cika da tabo, kuma galibi shi ya fi kowa sanin wadda ta rage mai kyau, a tambaye shi.

Akwai kuma wani sababi da mu muke haddasa shi. Mutum ya taso daga ƙauye da asuba a watan bazara, an ce masa kada ya ci kada ya sha, ya zauna a benci har azahar, ya iso gado jijiyoyinsa sun lafe, a huda nan a rasa, a huda can a rasa. Ra'ayin da ya rinjaya a yanzu shi ne ruwan hoto na zamani ba ya wajabta wannan doguwar ƙishirwa, sai fa in za a sa mutum barci ko akwai wata larura ta daban, bal ma shan ruwa alheri ne ga ƙodarsa. Huda jijiya ɗaya sau da yawa kuwa yana cikin asbabun da aka tabbatar, dalili kuwa a fili yake: idan aka huda sama aka kuskure, sa'an nan aka koma ƙasa a kan wannan jijiyar aka dace, ruwan da inji ya turo zai iske ramin farko a kan hanyarsa tun bai toshe ba, ya fita ta nan. Wanda ya kuskure, sai ya haura sama da ramin, ko ya koma ɗaya hannun.

Wurin da aka zaɓa shi ne abin da ya fi kowanne zama a hannunmu, kuma shi ne ke bambanta yoyon da zai wuce da wanda zai bar tarihi. Mafi alherin wuri shi ne manyan jijiyoyin cikin gwiwar hannu da na sangalin hannu, domin suna da faɗi, kuma naman da ke kewaye da su yana da sarari. Bayan tafin hannu, da wuyan hannu, da ƙafa, da idon sawu, jijiyoyinsu sirara ne, kuma wurin a matse yake, ƙashi a ƙasa, fata a sama, jijiyoyin motsi da na ji a tsakani. Tsokokin gaɓoɓinmu Allah Ya halicce su ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki an naɗe shi da tantani mai tauri wanda ba ya miƙewa. Idan ruwa ya cika ɗakin, matsi ya hau har ya danne ƙananan hanyoyin jini, sai tsoka da jijiyar ji su fara mutuwa cikin sa'o'i, kuma tun 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya siffanta yadda hannun da jini ya yanke wa haka yake ƙarewa a ƙanƙance. Mililita 50 da dantse zai haɗiye ba tare da wani labari ba, a bayan tafin hannu yana iya zama musiba. In larura ta tilasta amfani da irin waɗannan wurare, sai a rage gudu, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada ya wuce mililita ɗaya da rabi a sakan, a kuma sanar da likita cewa wani nau'in hoton ba zai samu da wannan gudun ba.

Daga nan sai kanula. Kun san launukansu: kore lamba 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, rawaya 24, lamba na hawa rami na tsukewa. Idan gudun zai kai mililita 3 a sakan ko ya wuce, ruwan hoda ko kore ake so. Allurar ƙarfe mai fukafukai ba ta dace da inji ba sam, domin tsininta yana nan cikin jijiya, motsi kaɗan ya huda bango. Amma wadda ta fi yaudarar mutane ita ce kanular da majiyyaci ya taho da ita daga ɗakin kwanciya. Tana nan a manne da filasta, an yi kwana biyu ana ƙarin ruwa da ita, kowa ya ɗauka lafiyayya ce, alhali ɗigon ƙarin ruwa ba hujja ba ne a kan cewa za ta ɗauki turin inji, kuma wadda ta haura sa'a 24 a jiki bangon jijiyar ya fara kumbura, bakinta ya fara sassautawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa yoyo ya fi yawa ga waɗanda ke kwance a asibiti bisa ga masu zuwa daga gida. Hakazalika mai ƙiba, wanda jijiyarsa ke can ƙasa: gajerar kanula bakinta kaɗai ke shiga, ta zame ba a sani ba, kitse kuma ya ɓoye kumburin har sai ya yi yawa.

Gwaji da ruwan gishiri kowa yana yi, amma a duba yadda ake yin sa. Majiyyaci yana zaune hannunsa a miƙe a kan cinya, a tura mililita biyar a hankali, ya wuce lami lafiya, a ce an gwada. Sa'an nan a kwantar da shi, a ce ya ɗaga hannuwansa sama da kai domin hoton ƙirji ko ciki, gwiwar hannu ta lanƙwashe, kanula ta karye a ciki ko bakinta ya tokare bango, gado ya shiga ya fito ya ja tiyo, kuma a wannan hali ne inji zai tura. Gwajin da ake ƙiyasi da shi shi ne wanda aka yi bayan hannu ya zauna inda zai zauna, da ƙarfi mai kama da wanda inji zai yi, yatsu suna kan wurin, an kuma bar wa tiyo rara yadda tafiyar gado ba za ta fizge shi ba.

Shi ruwan kansa yana da sifofi biyu da suka shafe mu. Ta farko ita ce yawan abin da ya narke a cikinsa, wanda ke ba shi ƙarfin tsotso ruwa daga naman da ya faɗa. Irin na dā ya ninka na jini sau biyar zuwa takwas, don haka in ya zube yakan janyo ruwa ya ƙara kumburi, ya ƙone fata har ta zama gyambo. Likitan Suwidin Torsten Almén ne ya kawo shawarar sabon tsari a 1969, daga nan aka samu irin su iohexol waɗanda ba su wuce ninki biyu zuwa uku ba, da iodixanol wanda ya yi daidai da jini, kuma wannan canji shi ne babban dalilin da ya sa munanan raunuka suka ragu ƙwarai. Sifa ta biyu ita ce kauri. Mai aidin miligiram 370 a mililita ya fi mai 300 kauri, sanyi kuma yana ƙara masa, ga shi ɗakin CT kullum a sanyaye yake saboda lafiyar na'ura. Wani asibitin jami'a a Amurka ya ba da rahoto a 2012 cewa da suka daina ɗumama ruwan zuwa digiri 37, wato ɗumin jiki, yoyo ya ninka kusan sau uku ga mai 370, ga mai 300 kuwa ba a ga bambanci ba. Game da gudu kuma malamai sun yi saɓani, wasu bincike sun ga yana ƙara yawan yoyo, wasu ba su gani ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne gudu ke ƙayyade yawan abin da zai zube kafin a tsayar, gama a saurin 5, jinkirin sakan goma mililita 50 ne a cikin nama.

In abin ya riga ya auku, a tsayar da inji nan take, a ƙiyasta abin da ya zube, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a ɗora tsumma mai sanyi, wasu kuma ɗumi suka fi so, kowanne da masu yin sa. A cire zobe da awarwaro tun yatsu ba su kumbura ba. A zana iyakar kumburin da biro domin mai karɓar aiki ya san ko yana ƙaruwa, a riƙe mutum sa'a biyu zuwa huɗu ana duba bugun jini da ɗumin yatsu da jinsu da motsinsu. A dā ana kiran likitan tiyata idan abin da ya zube ya haura wani adadi, kamar mililita 100. Yanzu alamu ake bi, wato zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in an miƙar da yatsu, da kumburin da ke ci gaba, da yatsun da suka sage ko suka yi sanyi, da bororo ko fashewar fata. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kira shi ba tare da jiran safiya ba, domin tsaga tantanin nan a saki matsi aiki ne da ke da ƙayyadadden lokaci.

Wanda za a sallama kuma a gaya masa, a gaya wa wanda ya rako shi, cewa kumburin yakan kai maƙurarsa ne tsakanin sa'a 24 da 48, don kada ya firgita da ganin ya ɗan ƙaru washegari, kada kuma ya raina alamun da na lissafa. A hana shi kai hannun wurin mai ɗori ko wanzami a tsaga, a hana shi gasawa da garwashi ko ɗaure shi tam da tsumma, in kuma gidansa na da nisa da asibiti, gara ya kwana a gari. Daga ƙarshe a rubuta abin da ya faru a fayil ɗinsa: wane hannu, wane wuri, wace lambar kanula, kwananta nawa, wane ruwa, wane gudu, mililita nawa. Shugabannin sashe kuma su sani muddin rubuta wannan zai jawo wa ƙaramin ma'aikaci tsawa da takardar tuhuma, to ba za a rubuta ba, sai a ce hoton ne bai fito ba a sake wani.

Shugaba, a nan zan dakata, in akwai tambaya ina saurare.